Tsakanin Kube da Kunama: Yadda Aikin Ke Tafiya

8 ga Janairu

Yau aka damƙa mini aikin a rubuce. An ce in duba kuben duk wani mai gadi da ke ɗaukar bindigar hannu a wurin aikinmu, in fitar da ƙa'ida guda da kowa zai bi, sannan in shirya horo a kanta. Abin da ya jawo haka ba ɓoyayye ba ne. A makon jiya bindiga ta tashi a ɗakin sauya kaya, lokacin da wani cikin yaranmu ya gama ɗura ta yana mayar da ita kube. Harsashin ya yage gefen wandonsa ya nutse a siminti. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane bai samu ba.

A rahoton da aka kawo mini an rubuta cewa bindigar ta tashi da kanta. Ban sa hannu ba. Na nemi a ajiye mini bindigar da kuben da rigar da ya sa ranar, kada kowa ya taɓa su.

13 ga Janairu

Mai gyaran makamanmu ya warware bindigar gaba ɗaya a gabana, kuma lafiyarta ƙalau. Irin ta zamani ce wadda ba ta da guduma a waje, allurar da ke dukan harsashi tana ciki. Tsarin da kamfanin Glock ya yi suna da shi ke nan tun farkon shekarun 1980, kuma yau kamfanoni da yawa a kansa suke ƙera nasu. Akwai ɗan harshe a tsakiyar kunama da ke hana ta motsi sai an danna shi, akwai wani ƙarfe a ciki da ke tare allura, akwai kuma abin da ke hana ta sakuwa idan bindiga ta faɗi. Duk ukun jan kunama ne ke buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Nauyin da ake bukata kuwa bai wuce kilo 2.5 ba a yawancinsu. Bindigar ba ta bambanta yatsa da gefen riga. Duk abin da ya shiga zoben da ya kewaye kunama ya danna ta da wannan nauyin, harbi ya tabbata.

Da na ɗauki kuben sai magana ta fito fili. Na fata ne, ya sha shekaru da gumi. Bakinsa ya yi laushi ya lanƙwashe ciki kamar bayan tsohon takalmin da aka saba takewa, kuma daidai wurin da kunama ke wucewa akwai wata ninka da ta yi baƙi ta yi santsi saboda goga. Na sa bindigar roba ta horo na tura a hankali ina kallo da tocila. Ninkar ta shige cikin zoben tun bindigar ba ta kai rabi ba. Yaron ya ji ta ƙi shiga, sai ya ƙara ƙarfi. Shi kansa ya gaya mini haka da na zauna da shi: "Wallahi Malam yatsana yana waje. Na ji ta cije ne, sai na danna." Na yarda da shi. Ya daɗe yana danna ta haka, ranar ce kawai fatar ta kai inda za ta kai.

20 ga Janairu

Kwanakin nan duk a kan tebur na yi su, da kubba jibge a gabana. Kowa ya kawo nasa, an rubuta lamba a jiki. Ba bindigar gaske ko ɗaya a ɗakin, ba harsashi, sai bindigogin roba masu siffar tamu sak.

Abin da nake fara dubawa shi ne ko kuben ya rufe kunama ruf ta ɓangarorin biyu. Idan bindiga ta zauna a ciki, nakan gwada cusa ɗan yatsa, sannan biro, sannan bakin makulli, ta sama da ta gefe. In ɗayansu ya taɓa kunama, kuben ya faɗi, ba sai na ci gaba ba. Daga nan in zare bindigar in ga ko bakin zai tsaya a buɗe da kansa. Wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda mutane ke zato, domin kuben da ke rufewa idan an zare bindiga yana tilasta wa mutum ya sa ɗaya hannun ya buɗa shi, wato ya kai yatsunsa gaban bakin bindiga mai harsashi. Wasu kuma da bakin bindigar suke buɗa shi, suna karkata ta zuwa ƙugunsu. Na ga wanda yake haka kullum bai ma san yana yi ba. Bayan nan in kifa kuben a kan katifa in girgiza, in ga ko bindigar za ta zame. Na ƙarshe, a ɗaura shi a bel, wani ya fizgi bindigar, mu ga ko ita za ta fito ko kuwa har kuben za a kwaso.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne na yadin nailan mai laushi da ake sayarwa da sunan suna shiga kowace bindiga. Kuben da aka yi domin kowace bindiga bai dace da ko ɗaya ba. Akwai wanda na danna kunama ta cikin yadin da babban yatsa daga waje, ba tare da na buɗe komai ba. Na ware su gefe guda, ba za su koma ƙugun kowa ba.

Fata kuwa ba na zarginta gaba ɗaya. Kuben fata mai kauri da baduku ya gasa a jikin irin bindigar, ya ninka bakinsa ya ƙarfafa shi, yana aiki sosai, kuma na samu irinsu da suka wuce gwajin ba gargada. Matsalar ita ce fata tana tsufa a hankali, mai ita ba ya lura, musamman in yana shafa mata mai don ta yi laushi. Laushi a takalmi alheri ne, a kube kuwa shi ne aibin.

Na roba mai tauri, irin da ake kira Kydex, su suka fi tsallakewa. Faifan roba ne mai kaurin kusan milimita 2 da ake gasawa har ya yi laushi a matse shi a jikin siffar bindiga, in ya huce ya riƙe siffar. Bakinsa ba ya rufewa, kuma bindiga na zama za ka ji ta yi ƙas. Su ma na samu masu tsaga kusa da maƙalin bel, da wanda sukurorinsa suka kwance har ɗaya ya ɓace.

27 ga Janairu

Na kai wa shugaba sakamakon. Ya tambaya ko ba za a iya gyara tsofaffin ba a ci gaba da su zuwa ƙarshen shekara. Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda sukuru ne matsalarsa za a gyara yau. Wanda bakinsa ya mutu ba shi da gyara." Na ajiye masa kuben da ya jawo maganar tare da bindigar roba, na ce ya tura da hannunsa. Ya tura, ya ga ninkar ta kama kunama, ya yi shiru. Ya amince a sayo sababbi. Kafin su iso, waɗanda aka karɓe wa nasu za su riƙa aro daga waɗanda ba sa kan aiki.

3 ga Fabrairu

Kube rabin magana ne, saura yatsa. Na koma karatu a wannan makon don in samu abin da zan gaya wa mutanen da suka shekara goma da bindiga a ƙugu, waɗanda in ka ce su cire yatsa daga kunama sai su ce ai sun sani.

Wani masanin aikin tsoka a Amurka, Roger Enoka, ya yi rubutu a 2003 kan yadda hannu ke damƙewa ba da izinin mai shi ba. Ya kawo hanyoyi uku: mutum ya firgita, ko ya yi tuntuɓe yana neman faɗuwa, ko kuma ɗaya hannun ya damƙi wani abu da ƙarfi sai wannan ma ya bi shi. A duk ukun yatsu gaba ɗaya suke lanƙwashewa, kuma ƙarfin ya wuce abin da kunama ke bukata nesa. Wani bincike da aka yi kan 'yan sanda a Jamus ya ƙara nuna cewa wasunsu sun taɓa kunama a lokacin atisaye, da aka tambaye su daga baya suka ce yatsansu bai je wurin ba. Ba ƙarya suke yi ba, ba su ji ba ne.

Abin da ya faru a ofishin sharif, wato 'yan sandan gundumar Los Angeles, shi ma ya tsaya mini a rai. Da suka sauya daga Beretta 92, wadda jan farko na kunamarta ke da nauyi da tsawo, zuwa Smith & Wesson M&P mai sauƙin ja, harbin da ba na ganganci ba ya tashi daga 12 a 2012 zuwa 30 a 2014. Jami'an da suka saba ɗora yatsa a kunama tsohuwar bindigar tana rufa musu asiri, sabuwar ta daina. A da 'yan sandan New York sun daɗe suna sa wa bindigoginsu kunama mai nauyin da ya haura kilo 5 saboda irin wannan tsoron. Wani abokin aiki ya ba ni shawarar mu ma mu yi haka. Ban karɓa ba. Kunama mai nauyi tana wahalar da saiti, kuma ba ta raba mutum da mummunar ɗabi'a, ɓoye ta kawai take yi.

Don haka a ƙa'idar ban rubuta "a cire yatsa daga kunama" kawai ba. Na faɗi inda za a ajiye shi: a miƙe, a sama, a jikin bindiga sama da zoben, inda mutum zai ji ƙarfe ko wani tudu a ƙarƙashin yatsan. Yatsan da aka ɗora a gefen zoben yana zamewa ciki da zarar hannu ya damƙe. Dokoki huɗun nan da Jeff Cooper ya yaɗa daga makarantarsa ta harbi a Arizona na sa su a shafin farko: a ɗauki kowace bindiga tana da harsashi, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya lalatawa ba, yatsa a waje sai ka yi saiti, ka tabbatar da abin da za ka harba da abin da ke bayansa.

11 ga Fabrairu

Horo na farko, da bindigogin roba, kuma ban bar kowa ya gwada saurin zarewa ba. Mayarwa kawai muka yi. Wasu sun ga abin kamar raini.

Na ce musu zare bindiga na iya zama da gaggawa domin rai na cikin haɗari, amma duk wanda ke mayar da ita ya riga ya yanke hukuncin cewa haɗarin ya wuce. In bai wuce ba, me ya kai shi mayarwa? Saboda haka ba abin da ke koransa. Ya tsaya, ya ja numfashi, ya tabbatar yatsa na sama. Ya sa ɗaya hannun ya kwashe riga ya danne ta a ƙirji, ta yadda hannun ba zai sauko gaban bindiga ba. Ya sunkuyar da kai ya kalli cikin kuben da idonsa. Ya ɗan janye ƙafar ɓangaren ko ya karkata ƙugu yadda bakin bindiga zai kalli ƙasa ba cinyarsa ba. Sannan ya tura a hankali, babban yatsa a bayan bindigar. In mai guduma ce, babban yatsan ya danne gudumar, domin in wani abu ya fara jan kunama zai ji tana ɗagowa. In ya ji ta cije ko kaɗan, ya tsaya, ya zaro, ya duba.

Wani dattijo cikinsu, tsohon hannu ne ƙwarai, ya ce, "Malam, mu an koya mana kada ka ɗauke ido daga gabanka." Na ce, "Gaskiya ne Baba, in kana tsare da mutum kai kaɗai za ka ɗaure shi, akwai wannan, kuma za mu koye shi daban da kube mai tauri. Amma a ɗakin sauya kaya wa kake tsaro?" Ya yi dariya ya ce babu. A nan ne kuwa yawancin mayarwarmu ke faruwa.

Kafin a tashi na sa kowa ya sa jaket ɗin aikinsa. Da yawa suna da zariyar roba a ƙasa, da ɗan maballin da ake matse ta da shi, yana reto daidai bakin kube. Na ɗauki ɗaya na jefa maballin cikin kuben na tura bindigar roba. Ya zauna a gaban kunama daram, kuma da mai jaket ɗin ya ɗaga hannu zariyar ta ja shi baya. Ba wanda ya yi gardama da aka kawo almakashi. Igiyar katin shaida da ta usur ma mun mayar da su ɗaya ɓangaren.

18 ga Fabrairu

Na zauna na lissafa sau nawa mai gadi ke taɓa bindigarsa a yini ba don harbi ba: ɗurawa da safe, cirewa in zai shiga bayan gida, cirewa in ta dame shi a kujerar mota, nuna wa aboki, sauke harsashi da yamma. Kowace taɓawa dama ce ta kuskure, kuma yawancinsu ba dole ba ne. Sabuwar ƙa'idar ta ce bindigar da ta shiga kube da safe ba ta fita sai don aiki ko a wurin saukewa. In dole a cire ta daga jiki, a cire ta tare da kubenta, kunama a rufe.

An kawo ganga an cika ta da yashi an kafa ta a kusurwar ɗakin makamai, nan kaɗai ake ɗurawa da saukewa, bakin bindiga a cikin gangar. Na manna tsarin a bango da manyan baƙaƙe: a fara cire gidan harsashi, sannan a ja saman bindiga baya a fitar da na ciki, a kulle shi a buɗe, a duba da ido a taɓa da yatsa. Wanda ya juya tsarin, ya ja saman kafin ya cire gidan, ya fitar da harsashi ɗaya ya ɗura wani, yana ganin ya sauke. Wannan kuskuren ya fi muni a bindigogin da sai an ja kunama kafin a warware su don wankewa.

25 ga Fabrairu

Zaɓen sabon kube. Mai gadi yana cikin jama'a, saboda haka muna bukatar wanda ke da makulli don kada a fizge masa bindiga daga baya. Samfuri biyu aka kawo. Ɗaya da babban yatsa ake sakinsa, ɗaya kuma da manuni, ta wani maballi a gefe. Na biyun na ƙi shi. Mutum yana danna maballin da manuni yana jan bindiga sama, in ya yi gaggawa ko makullin ya ɗan cije sai ya lanƙwasa yatsan ya ƙara dannawa, bindigar na fitowa yatsan ya faɗa wajen kunama da ƙarfinsa. Masu son sa sun ce in an miƙe yatsa ba matsala, kuma haka ne a ranar da hankali ke kwance. Makarantun horo da dama sun hana shi, ni ma ba zan ba yaranmu abin da ke koya wa manuni dannawa a wannan lokacin ba.

4 ga Maris

Sababbin kubban sun iso. Kowa ya gwada nasa da bindigarsa bayan an sauke ta a gaban mutum biyu. Mun daidaita sukurorin riƙo, an ɗiga musu maganin hana kwancewa, na sa ɗigon fenti a kan kowanne don a gane in ya juya. Na kuma gargaɗe su kada a bar kuben a mota a rufe cikin rana, domin robar da zafi ya ba ta siffa zafi na iya karkata ta.

Wata matsala ta ɓullo da ban gama da ita ba. Masu aikin dare bindigoginsu na da tocila a ƙarƙashin baki, kuma tocilar ta fi zoben kunama faɗi. Dole bakin kuben ya buɗe don ta wuce, sai ya bar rata a gefen kunama. A samfurin da aka kawo ɗan yatsana ya shiga har ya taɓa ta. Na mayar da su duka, na nemi wani ƙirar.

12 ga Maris

Yau mun yi maganar bindigar da ta suɓuce. Hannu da kansa yake kai cafka, kuma cafkar ce ke kai yatsa cikin zobe. An ƙera bindigogin zamani yadda faɗuwa ba za ta tayar da su ba, don haka umarnin shi ne a bar ta ta faɗi. Wani ya kawo zancen bindigar SIG P320, wadda kamfaninta ya sanar da gyara na sa-kai a 2017 bayan an nuna tana iya tashi in ta faɗi ta wani kusurwa. Tambaya ce mai kyau. Na ce shi ya sa mai gyaran makamai zai riƙa bin sanarwar kamfanin da ya ƙera tamu yana duba abin da ke tare allura a kan lokaci, amma ko da haka cafka ta fi faɗuwa haɗari. Mun yi ta sakin bindigar roba a kan tabarma, hannu a buɗe, ana ja da baya.

Da rana ma'aikaciyar jinya ta zo ta koya mana ɗaura maɗaurin tsayar da jini. Harbin da ke faruwa a bakin kube cinya ko ƙafa yake samu, kuma babbar jijiyar jini ta cinya in ta fashe mintuna kaɗan ne. Ta sa kowa ya ɗaura wa kansa a zaune a ƙasa, sama da rauni, yana murɗawa har ta daina jin bugun jini a ƙafar. Yanzu akwai ɗaya a rataye kusa da gangar yashi, ɗaya a kowace mota.

19 ga Maris

An sa hannu a ƙa'idar, shafi biyu ce. Duban kube zai zama na wata-wata, shugaban kowane rukuni ne zai yi, ni kuma in riƙa ɗaukar wasu ba sanarwa. Na ƙara sakin layi cewa duk wanda ya kawo rahoton kubensa ya lalace ko bindigarsa ta cije a hanya ba za a hukunta shi ba, domin da yaron nan ya samu inda zai faɗi haka tun farko da ba mu kai ga ramin da ke simintin ba.

Masu aikin dare har yanzu da tocilar hannu suke fita, an cire ta jikin bindiga sai kubensu ya iso. Ranar 2 ga Afrilu za mu je filin harbi, karon farko da za a yi mayarwar da harsashi na gaske, mutum ɗaya a lokaci guda, ni a tsaye ta ɓangaren kubensa. Sababbin ɗauka da suka fara aiki a makon nan ba za su je ba sai sun wuce gwajin bindigar roba.